Fijo 504 ba ta mutuwa, sai dai a kashe ta

Da igiya aka jawo ta zuwa ƙofar gidana, ɗaure a bayan a-kori-kura, tayoyin ma aro aka yi aka saka mata. Ƙura ta rufe gilas har ba a hango sitiyari, ɓeraye sun cinye soson kujerar baya, kwanon rufin kuwa ya lotsa inda yara suka saba hawa. Mai ita ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ya dafa bonet ya ce, "Malam, motar mahaifina ce. Tun da ya rasu take ajiye. Za ta tashi kuwa?" Ban amsa ba sai da na kwanta na leƙa ƙarƙashinta, na bi shasin da ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa. Ƙarfen ya amsa da ƙara mai kyau, babu inda ya yi taushi. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, za ta tashi da yardar Allah. Amma ba a watan nan ba, ba kuma a mai zuwa ba."

Aikina ke nan. Akwai fili a gefen gidana, na yi masa rumfar kwano, na haƙa ramin shiga ƙarƙashin mota, muke aiki ni da yarana uku. Ba ma karɓar gyaran yau da kullum. Tsofaffi kawai muke taɓawa: Fijo 404 da 504 da 505, jefi-jefi Boswaja mai ƙirar kunkuru, sai Marsandi 200 da 230 irin ta manyan da. Mota biyu ke zama a rumfar a lokaci ɗaya, ta uku sai ta jira.

A cikinsu duka 504 ce ta fi kwanta mini a rai. A 1968 aka fito da ita a Faransa, shekarar da ta biyo baya ta ci kambun motar shekara ta Turai. Da kamfanin haɗa Fijo na Kakuri a Kaduna ya fara aiki a 1975, sai ta zama tamu. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta sa manyan ma'aikata suka sauka daga manyan motoci suka koma Fijo, shi ya sa duk wanda ya girma a lokacin yake tuna ta a ƙofar ma'aikatu da gidajen sarauta. Doguwar kuma, mai layin kujeru uku, ita ta riƙe tashoshi, daga Kano zuwa Zariya da Kaduna, zuwa Katsina da Maiduguri. Faransawa sun daina ƙera ta a ƙasarsu tun 1983, amma Kaduna ba ta sake ta ba sai wajen 2006. Wannan tsawon zamanin ne ya sa har yau ake samun kayanta a ƙasar nan, in mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

A kanta na koyi kanikanci. Mahaifina ne ya riƙe hannuna ya kai ni wurin wani dattijon bakanike a wajen Ƙofar Ruwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Shekarar farko ban riƙe sifana don kwance komai ba. Wankin notina a kwanon kananzir, miƙo wannan, riƙe wancan, share gareji. Maigidana ba mai yawan magana ba ne. Zai ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin inji yana aiki, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, sannan ya miƙo mini ya ce, "Saurara. Me ka ji?" Na daɗe ina jin hayaniya kawai kafin kunnena ya fara rarrabe kukan bawul da na belin da ya gaji.

Darasin da ba zan manta ba shi ne na hannun riga. Injin 504, mai silinda huɗu, kwance yake a karkace, kuma silindojinsa ba a jikin bulok aka huda su ba. Hannayen riga ne na ƙarfe da ake zurawa, ruwa na zagaye su, kowanne zaune a kan siririn abin toshewa a gindinsa. Idan ka ɗage kan inji, tilas ka danne su da noti da washa kafin ka juya komai. Wata rana maigida ya tafi sallar La'asar, ni kuma ɗokin ganin fistin na hawa da sauka ya sa na murza injin. Hannun riga biyu suka ɗago. Da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "In muka rufe shi haka, ruwa zai gangara cikin baƙin mai, mai motar ba zai gane ba sai ya yi nisa a daji da iyalinsa. Kwance shi duka." Kwana uku na yi a kai. Yau duk yaron da ya shigo rumfata, wannan ne abin farko da nake nuna masa.

Motar Alhajin nan na Kantin Kwari mun tuɓe ta tsaf, har sai da ta koma ƙwarangwal. Inji gefe, giya gefe, gilasai a jingine cikin bargo, kowane noti a gwangwaninsa da rubutu. Sannan na ɗauko ɗan maganaɗisun da ba ya barin aljihuna, na bi jikinta da shi. Inda ƙarfe yake, zai manne. Inda aka cusa fila, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi, sai ya sulale ya faɗi. A ƙofar baya ta dama ya faɗi. Da muka kankare, kaurin filar ya kai ɗan yatsa, a ƙarƙashi kuma tsatsa ta ci ƙarfen ta mayar da shi kamar rariya. Wani ne ya taɓa "gyara" ta shekarun baya.

Nan ne takaicina yake. Gari ya cika da masu cewa suna farfaɗo da tsohuwar mota cikin mako biyu. Su lafta fila a kan tsatsa, su goge da sanfefa, su watsa fenti mai walƙiya, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Kyan ɗan maciji ke nan. Damina ɗaya za ta wuce fentin ya fara kumbura kamar ƙuraje. Mu yankewa muke yi. Duk inda tsatsa ta ci, a yanke har a kai lafiyayyen ƙarfe, a auna sabon falle, a lanƙwasa shi a kan kututture da guduma har ya ɗauki siffar wurin, a yi walda ɗigo-ɗigo ana bari yana hucewa don kada zafi ya murɗe ƙofar. A 504 wuraren da nake fara dubawa su ne ƙarƙashin tabarmar direba, mazaunin batir, gindin ƙofofi da kewayen gilashin gaba. Motar da ta yi rayuwarta a Kano tana da sa'a, busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe. Wadda aka kawo daga Legas ko Fatakwal kuwa, sai ka shirya wa aiki ninki biyu.

Fenti ma da lokacinsa. Da hunturu ƙura ba ta barin mutum, don haka mukan zagaye rumfar da tamfol, mu jiƙa ƙasa sharkaf, mu fesa da sassafe kafin iska ta tashi. Launin motar na asali muka samo a cikin but, a wani lungu da rana ba ta taɓa gani ba, fari mai ɗan ratsin madara. Sau huɗu mai haɗa fenti yana haɗawa ina mayar masa, kafin ya dace.

Sai neman kaya. A Ƙofar Ruwa akwai dattawan da har yanzu suke da tsofaffin kaya na asali a can ƙuryar shago, kwalin ya yi baƙi amma abin da ke ciki bai taɓa shiga mota ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Su nake bi, in zauna a benci mu gaisa, wani lokaci sai na yi sawu uku kafin a tuno inda aka ajiye abin. Amma jabu ya yi yawa. Wani mai kawo mini kaya ya taɓa kawo famfon ruwa a kwali mai tambarin zaki, ya rantse na asali ne. Bai yi wata ba ya fara yoyo. Tun daga ranar ba na duba kwali. Ina ɗaga abu in ji nauyinsa, in juya belin a kusa da kunnena. Kayan Beljiyam mai kyau ya fi mini sabon da ban san asalinsa ba.

Akwai sauye-sauyen da nake yarda da su, don mota ta hawa ce, ba ta kallo ba. Na cire kwantak, wato ɗan maɓallin da ke ba filogi wuta, na saka na'urar wuta ta zamani a cikin distiributa, daga waje ba mai ganewa, amma an huta da gyaran wuta kowane wata. Giya mai huɗu na sauke ta, na ɗora mai biyar ta 505, injin ya samu sauƙi a doguwar hanya, mai ma ya ragu. Lagireto na sa aka ƙara masa layi saboda zafin bazararmu, na haɗa fanka ta lantarki, sannan na saka na'urar sanyaya ciki. Wayoyin wuta duka sababbi ne, don tsohuwar waya ita ke ƙona mota. Na kuma mayar da tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, da wani ya cire ya jefar. Wannan ɗabi'a ta cire shi wai don ƙasarmu da zafi, ɓarna ce kawai. Haka zuba ruwan rijiya a lagireto, shi ke cinye kan injin, tunda na alminiyam ne.

Abin da ba na yi shi ne cire mata zuciya. Alhaji da kansa ya zo wata rana da shawarar abokansa, wai a saka injin Toyota a huta. Na ce, "Yallaɓai, in haka kake so akwai masu yi, ba zan hana ka ba. Amma ranar da ka murza makulli, ba muryar motar Baba za ka ji ba." Ya yi shiru, ya ce a bar shi. Haka masu son a sake huda mata ƙafa don rim na zamani ya shiga, saboda tazarar notinanta huɗu ta fi ta yawancin motoci faɗi. Ba na taɓa wurin da ran mutum ya rataya a kai.

Maganar kuɗi ba na son tsawaita ta. Wanda zai ce mini wane ya ce zai yi a rabin haka, sai in ce Allah ya ba da sa'a, araha ba ta ado. Da yawansu sukan dawo, a lokacin kuma sai mun fara da kwance aikin wancan.

Wata bakwai motar ta yi a rumfata. Ranar gwaji na fita da ita bayan sallar Asuba, na hau titin Zariya har Kura na juyo, allurar zafi ba ta gota tsakiya ba. Da ta faɗa rami sai ta haɗiye shi a hankali, irin lanƙwasar nan da babu motar da ta gaji 504 a kanta. Da yamma Alhaji ya zo da mahaifiyarsa. Hajiya ta zagaya ta buɗe ƙofar baya ta hagu da kanta, ta zauna, ta shafa sabuwar rigar kujerar. Ta ce, "Nan nake zama." Alhaji ya murza makulli, injin ya kama a bugu ɗaya. Ta ce a kai ta Fagge gidan ƙanwarta tukuna, kafin a wuce gida.

Wurin da ta bari yanzu wata 404 ce a ciki, mai giya a jikin sitiyari, an kawo ta daga Gumel. Jiya muka sauke tankin mai.