Kukan kyamara a wurin ɗaurin aure

Ina da ɗan shagon ɗaukar hoto a wajen Ƙofar Ƙaura, ni da yara biyu. Fasfo ne cinikinmu na kullum, Juma'a da Asabar kuma mu bi ɗaurin aure. Wata rana a masallaci liman ya fara siga, wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙaras-ƙaras ɗin kyamarata. Wani dattijo ya waiwayo a hankali ya ce, "Ɗana, bari a shafa fatiha tukuna." Na sauke ta, kunya ta rufe ni. Muna fitowa yarona ya ce, "Maigida, wai ba a kashe kukan nan kamar na waya?"

Ba a iya kashe shi, domin ƙarfe ne ke motsi a ciki. Canon 5D Mark III ce, irin da ake kira DSLR. Cire mata gilashin gaba ka leƙa, za ka ga madubi a karkace, shi ke kai hoto idonka. Kana danna maɓalli sai ya yi sama da ƙarfi, labule biyu da ke gaban sensa, wato ɗan farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto, su zuge ɗaya bayan ɗaya, haske ya shiga, madubin ya faɗo mazauninsa. Labulen nan har gajiya yake yi. Kamfanin ya ƙiyasta masa dannawa 150,000, shi ya sa in zan sayi ta hannu, yawan dannawar da ta sha nake fara tambaya. Tana da saitin rage ƙara, amma jinkirta madubin kawai yake yi, na kusa da kai zai ji.

Ita waya ba ta da madubi, ba ta da labule, sautin da aka naɗa ne take sakewa. A Japan da Koriya ta Kudu ma wayoyinsu ba sa yarda a kashe shi, don kada a ɗauki mutum a ɓoye. Na ga hikimar abin, don na san yadda ran iyayenmu mata ke ɓaci in suka tsinci hotonsu a Facebook ba da saninsu ba.

Daga baya na haɗa kuɗi na sayi Sony marar madubi. Wannan kam in ka sa ta shiru, ko na gefenka ba zai sani ba, don labulenta ba ya motsi, sensa ce ke karanta hasken layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Sai dai a nan gizo ke saƙar. Ranar hawan sallah a Ƙofar Soro na manta ta a shiru, mahaya suka sako dawakai a guje za su yi jafi. Da na duba, masun da ke hannunsu duk sun fito a karkace, ƙafafun doki a lanƙwashe, saboda kafin ta kai layin ƙasa dokin ya riga ya gusa. A ɗakin taro mai fitilun LED kuma sai ratsi-ratsi ya fito kan fararen riguna. Wutar lantarkinmu sau 50 take bugawa a daƙiƙa, don haka nakan sa gudun ɗauka a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, ratsin ya ragu. Filasha kuwa ba ta tashi sam a wannan saitin. Nikon Z9 da ta fito a 2021 sensarta na da saurin da har suka cire labulen baki ɗaya, amma kuɗinta ba na irin shagonmu ba ne.

Yanzu masallaci da walimar sauka nake yin shiru, bayan na nemi izini. A shago kuwa kukan nake bari. Kwanaki wata tsohuwa ta zo fasfo, ta gyara mayafi ta ƙame a kujera. Na ɗauka, na ce, "Hajiya, an gama." Ta ce, "Ban ji ta yi kuka ba, ɗan nan, sake min." Na maido da labulen na sake dannawa, sannan ta saki jiki ta miƙe.