Sauya rufin gida a Agadas: kuɗin ba a kwano yake ba

Duk wanda ya shigo wurina da maganar sauya rufi tambayarsa ta farko ɗaya ce, nawa kwano yake yanzu. Sai ya ɗauki kuɗin falle ɗaya ya ninka da goma sha biyu a kansa ya ce to ai abin da sauƙi, ni kuma in yi shiru in miƙa mai shayi tukuna don na san inda za mu ƙare. Ni mai rufi ne a nan Agadas, ina da ɗan garejin walda da yara biyar, biyu masu walda, kafinta ɗaya, sai biyu masu hawa sama, kuma kafin in kama ƙarfe wurin babana na koyi rufin ƙasa da azara, kaga duka biyun na ci abinci da su.

Ruwan da muke samu a shekara bai taka kara ya karya ba, milimita ɗari da 'yan kai ne, kusan dukansa a Yuli da Agusta, shi ya sa mutane ke ɗaukar rufi a nan kamar inuwa ce kawai, ko me ka ɗora ya yi. Alhali rana ce ke cin rufinmu. Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40, kwano in ka dafa shi da tsakar rana sai ka yi Allah ya isa, dare ya yi kuma ya huce, ƙarfe ya miƙe ya tsuke ya miƙe ya tsuke kullum ta Allah. Dogon kwano mai mita 6 yana iya motsawa kamar milimita 3 tsakanin rana da dare, na alminiyom kuwa ninkin haka, wannan ƙas-ƙas ɗin da kake ji a sama in magariba ta yi shi ne fa, ba aljanu ba ne. A hankali ramin ƙusa ya faɗaɗa, 'yar robar da ke wuyan ƙusar rana ta soya ta ta farfashe, kai ba ka sani ba tunda wata tara ba ɗigon ruwa, sai ranar da hadarin farko ya taso da jar ƙurarsa ka ga ana jera kwanoni da bokitai a tsakar ɗaki. Tsatsa kam ba ta damunmu kamar mutanen Kwatano, wannan ɗaya mun huta.

To bari in buɗe maka littafina. Ɗaki mai mita 4 da 4, in ƙaramin kwano ne mai mita 2, da haɗe baki da 'yar saura za ka ci falle 12 zuwa 14. Amma kwano suna ya tara, akwai mai laushi wanda in ka taka shi ya lotse kamar gwangwanin madara, akwai mai ƙwari da ake kira bak mai kaurin milimita 0.35 wanda shi nake so, kuma tazarar kuɗinsu ba kaɗan ba ce. A ayyukan da nake yi in na raba kuɗin gida goma, kwanon da wuya ya wuce kashi huɗu. Sauran yana cikin ƙarfen da zai ɗauke shi, da silin, da siminti da bulo na rawanin da za a zagaye bakin rufin, da ƙusoshi da fenti da wayar walda, da kwashe tsohon rufi, da ladan aiki. Kwashe tsohon nan shi ne kowa ke mantawa. Rufin ƙasa ka ɗauka kaurinsa santimita 20 ne, a ɗaki irin wancan ƙasar da za ta sauko ta haura kubik mita 3, tan biyar ke nan ko kusa, kuma ba da kanta za ta fita unguwa ba, amalanken jaki ne sawu bayan sawu, kowane sawu da kuɗinsa.

Sai hanya. Ba abin da muke ƙerawa a nan, kwano da ƙarfe daga Kano suke zuwa ta Damagaram su bi ta Tanut, wajen kilomita 450 daga Damagaram kaɗai, ko su taso daga Yamai ta Tawa kusan kilomita dubu, kuma wanda ya bi hanyoyin nan ya san me taya ke gani. Tun juyin mulkin Yuli 2023 da aka rufe iyakar Benin kayan tashar ruwa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, abin da ke zuwa a mako biyu ya koma sai an ga dama. Shi ya sa takardar lissafina kwana bakwai nake rubutawa a ƙasanta, bayan nan sai mu sake zama. Ladan aiki ma ya tashi tun 2014 da zinariyar Jado ta fito, yaro mai ƙarfi in ka matsa mai a kuɗi gobe ka ji ya hau Hilux ya yi arewa, ni kaina biyu na rasa a haka, ɗaya ma da na'urar waldata ƙarama ya tafi amma dai ya aiko da kuɗinta daga baya, Allah ya saka mai.

Akwai wata Hajiya da ɗanta ke Tamanraset, ya aiko mata kuɗi ta cire rufin ƙasa ta sa kwano kamar na maƙwabta. Na je na hau, na tona, azara uku ce gara ta ci, sauran lafiya lau, goriba ce tsohuwa mai baƙin tsakiya wadda yanzu ko da kuɗinka samunta aiki ne tunda ma'aikatan gandun daji sun sa ido, sai dai giginyar da ake kawowa daga Gaya. Na ce Hajiya ki bari in canza ukun nan in sake zana da yaɓe, ko kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ba za ki kashe ba. Ta ce a'a ɗana, shi yaron kwano ya ce, kuma hoto zan tura mai. Na ce to Hajiya in kwanon ne a sa silin, a ɗaga bango a bar taga biyu ƙanana sama iska ta riƙa wucewa. Ta duba takarda ta ga kuɗin silin ya kusa kama na kwanon, ta ce kai dai rufa mani, silin sai baɗi. Muka rufa a Janairu, tana ta sa albarka. Tsakiyar Afrilu jikanta ya zo gareji ya ce Hajiya na kira, na tarar da ita ta fito da gado da akwatuna ƙarƙashin rumfa, ɗakin in ka leƙa kamar ka sa kai a tanderun mai burodi, man shafawarta ya narke a inda ta ajiye shi. Ba ta ce na yi gaskiya ba, cewa ta yi ɗana wannan silin ɗin naka har yanzu kuɗinsa na nan yadda yake? Bai nan, ya ƙaru, kuma sai da muka ɗaga falle huɗu kafin mu gyara ƙarfen da zai riƙe shi.

Ban ce rufin ƙasa ba shi da laifi ba fa. Yana son a kula da shi duk shekara kafin damina, a toshe tsaga, a share indararo, don yawancin soron da na gani ya rufta indararo ne ya toshe da leda da kashin awaki ruwa ya kwanta sama ya jiƙa azara. Wanda ya ga ambaliyar ƙoramar Telwa ta Satumba 2009 da ruwan 2024 ba za ka ga laifinsa ba in ya tsorata da ƙasa. Amma a tsohon gari da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013 ba ka da damar ɗora abin da ka ga dama ma, kuma hasumiyar babban masallaci mai mita 27 da ƙasa take tsaye, yaɓe ne kawai ba a fasa mata ba.

Ni ma na taɓa biyan kuɗin karatu. Farkon buɗe garejina na rufa wa wani malamin makaranta ɗaki biyu, ya ce kuɗi sun ƙare a bar rawani, ni kuma don kar aikin ya kuɓuce na yarda, na ɗaure ƙarfen da waya a jikin bulo sahu ɗaya na bar bakin kwano a waje kamar hular da ba ta zauna ba. Iskar da ke gaban hadari ta zo a ƙarshen Yuni ta shiga ta ƙasa ta ɗaga shi gaba ɗaya, da ƙarfen da bulon, ta ajiye a garken maƙwabci, tunkiya ɗaya ta mutu, Allah ya tsare ba mutum. Na biya tunkiya, na sake rufin da kuɗina, wata uku ina biyan bashin mai kwano. Tun ranar ƙarfe sai na binne shi cikin kankare, bakin kwano sai ya shige ƙarƙashin rawani sahu biyu ko uku, wanda ya ce ba zai biya wannan ba in rako shi bakin ƙofa da girmamawa.

Masu tambaya ta waya yaushe ya fi, Nuwamba zuwa Fabrairu ne, yara na iya wuni a sama kuma ba layi. In ka bari sai Mayu kowa ya tuna da rufinsa rana ɗaya, mu kuma a lokacin daga sallar asuba muke hawa, ƙarfe 11 mun sauko don ba mai iya tsugunawa a kan kwano, aikin kwana uku ya koma shida kuma kai za ka biya kwanakin.