Kwana biyar a Landan ina bin sawun lambar wani soja

Shekara kusan takwas kenan ina tara lambobin yabo na soja da na sarauta, wato minda, kuma duk a intanet nake sayensu, ban taɓa tsayawa gaban manyan da nake karanta labarinsu ba sai wannan tafiyar. Dana tashi na zaɓi guda ɗaya cikin nawa na naɗe ta a hankici na sa a aljihun riga, ta azurfa ce ta yaƙin duniya na ɗaya wadda ake kira British War Medal, gabanta kan Sarki George na biyar, bayanta mutum bisa doki da takobi a hannu. A gefenta an buga lambar soja da muƙami da suna da rundunar mai ita. Wannan rubutun na gefe shine ya kaini Landan, ina son in san waye shi.

Ranar farko da safe na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka a Sloane Square, daga nan na taka da ƙafa zuwa gidan tarihin sojan Birtaniya dake Chelsea, iska mai sanyi tana dukan fuska amma ko a jikina sabida ɗoki. Ba'a biyan kuɗin shiga. Mutane sun taru wajen ƙasusuwan Marengo dokin Napoleon suna ta ɗaukan hoto, na leƙa na wuce, ni lambar yaƙin Waterloo nake nema, yaƙin da aka ci Napoleon na Faransa. Dana ganta wallahi na daɗe a tsaye. Ƴar ƙarama ce, ƙyallenta ja mai shuɗi a gefe da gefe, bayanta an rubuta sunan Wellington, kwamandan sojan Birtaniya a yaƙin, da ranar yaƙin, 18 ga Yuni 1815. Abinda yasa masu tarawa ke girmama ta shine ita ce ta farko da gwamnatin Birtaniya ta raba ma duk sojan daya halarci yaƙi, hafsa da kurtu iri ɗaya, kuma kowa da sunansa a gefe. Waɗanda sukayi yaƙoƙin da suka gabata kuwa sai a 1847 aka amince a yi musu tasu, shekara talatin da wani abu bayan an gama, sannan sai wanda yake raye ne zai nema. Ku duba fa mutum nawa suka rasu basu gani ba, abun ya taɓa ni sosai.

A nan kuma na ga Victoria Cross ido da ido. Ba zinare bace ba azurfa bace, tagulla ce mai duhu, in baka santa ba zaka iya wuce ta, amma a tsarinsu babu wadda ta fi ta a fagen jarumta. An ƙirƙiro ta a 1856 dab da ƙarshen yaƙin Crimea, Sarauniya Victoria da hannunta ta maƙala ma mutum 62 na farko a Hyde Park ranar 26 ga Yuni 1857. Sunan mai ita a bayan ƙarfen da ƙyallen ke riƙe dashi ake zanawa, ranar da yayi jarumtar kuma a tsakiyar bayanta.

Washegari Asabar, kasuwar Portobello. Cunkoso kam ba'a magana, na kusa awa biyu ina kutsawa tsakanin masu tsofaffin agoguna da kwanuka kafin na samu wani dattijo a cikin wani lungu da akwatunan gilas cike da minda. Da ya ga na ciro ɗan gilashina na dubawa sai ya gane ba ɗan kallo bane, ya jawo min kujera. Ya ajiye min lambobi biyu iri ɗaya yace in faɗa masa bambancinsu, na juya na juya, ɗaya haruffanta sun nutse daidai wa daida kamar yadda inji ke bugawa, ɗayar kuma gefenta yayi sulɓi fiye da kima kuma ta ɗan rame ta wuri ɗaya. Nace wannan an goge ta. Ya gyaɗa kai, ya auna min ita da ma'auni, bata cika milimita 36 da ya kamata ba ta wannan ɓangaren, wato wani ya kankare sunan asali ya sa wani. Shi kansa ya maƙala mata takarda cewa an sake mata suna, kuma na ji daɗin wannan gaskiyar tasa, don da yawan sababbin masu tarawa ta nan ake cin su.

Na sarauta ma yana dasu tuli, kuma su labarinsu daban ne. Ya nuna min ta naɗin Edward na bakwai da ranar 26 ga Yuni 1902 a jikinta, alhali ba'a yi naɗin ranar ba, ciwo ya kama sarkin akayi masa tiyata aka ɗaga sai 9 ga Agusta, amma lambobin an riga an buga. Sai kuma na Edward na takwas, waɗanda ƴan kasuwa suka buga don naɗin da aka sa 12 ga Mayu 1937, shi kuma ya sauka daga gadon sarauta a Disamba 1936, ƙaninsa George na shida aka naɗa a wannan ranar. Lambar tunawa da bikin da ba'a taɓa yi ba. Na sayi guda ɗaya, ba tsada gareta ba tunda an buga su da yawa. Amma gaskiya ni na sarauta basa riƙe min zuciya kamar na soja, suna gaya maka ranar biki ne da fuskar sarki, yawanci babu sunan wanda aka ba. Irin wannan ne ma yake min ciwo da lambobin yaƙin duniya na biyu masu siffar tauraro, na Afirka da na Italiya da na Burma, Birtaniya ta raba su babu suna, in mai ita ya rasu takardun suka ɓata shikenan babu mai iya cewa ta wane ce.

Gidan adana takardun gwamnati dake Kew baya buɗewa Lahadi da Litinin, don haka sai Talata na kama layin District na nufi can. Wuri ne shiru, ga tafki a gabansa da tsuntsayen ruwa. Na ajiye jaka a loka na zauna gaban kwamfuta na shigar da lambar dake gefen mindar. Dama na san cewa fiye da rabin fayilolin sojojin wancan yaƙin sun ƙone a 1940 lokacin da bam ya faɗa kan ma'ajiyarsu, na mutumina ma ban same shi ba. Amma katin lambobinsa yana nan, rubutun hannu da tawada, suna da runduna duk sun dace da abinda ke hannuna, kuma a ƙasa an rubuta cewa ya fara shiga fagen daga a Faransa a 1915. Jikina yayi sanyi dana karanta, sabida ma'anar wannan shine lambobi uku aka bashi, da tauraron 1914-15, da wannan ta azurfar, da ta nasara mai ƙyalle launin bakan gizo. Ɗaya kawai ce a wajena, ƴan'uwanta biyu sun rabu da ita ko a wajen rabon gado ko a teburin wani ɗan kasuwa, Allah ne masani. Ita ma ta auna arziki ne, don irinta da yawa an narkar dasu wajen 1980 da farashin azurfa ya haura.

Na ɗauki hoton katin, na kwafe komai a littafina har da lambar shafin rajistar. Da yamma na kira dattijon nan na kasuwa na karanta masa lambar sojan sau biyu yana rubutawa, yace duk sanda ya je gwanjo zai riƙa dubawa, in tauraron ko ta nasarar suka ɓullo zai neme ni. Na mayar da mindar cikin hankicinta na taka zuwa tashar Kew Gardens, yayyafi ya fara sauka.