Jan da na gani a taswirar zuciyar Hajiya

Ina cikin wata na bakwai da fara koyon aikin wutar lantarkin da ke sa zuciya bugawa a wani asibiti da ke kudancin Indiya, malamina ya ce yau ni zan zana taswirar yadda wutar ke bi a zuciyar majinyaciya da hannuna, shi zai zauna gaban kwamfuta yana kallo. Majinyaciyar kuwa Bahaushiya ce, mai shekara hamsin da 'yan kai, wadda aka taɓa yi wa tiyatar ƙyauren zuciya sakamakon zazzaɓin nan da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro tun ana yara. Wata uku ke nan zuciyarta na bugu 125 a minti ɗaya, ko tana zaune ko tana barci. Kafin a kwantar da ita ta kama hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, an ce za ku shiga zuciyata ba tare da kun tsaga ni ba. Ta ina?" Na ce, "Hajiya, ta jijiyar cinya za mu bi, kuma idonki biyu."

A lafiyayyar zuciya, wuta tana tashi daga wani ɗan gurbi a ɗakin sama na dama, ta bazu, ta mutu, wata ta taso. A zuciyar Hajiya wutar ta ƙi mutuwa. Ta sami hanya tana kewayawa kamar direban da ya shiga shataletale ya rasa mafita, zagaye ɗaya cikin milisakan 240 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), wato sau 250 a minti. Mashigar da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa tana barin ɗaya cikin biyu ya wuce, shi ya sa muke ƙirga 125 a hannunta. Aikinmu shi ne mu gano hanyar, mu nemi inda ta fi ƙunci, mu ƙona layi mu datse ta.

Na'urar da muke amfani da ita CARTO ce. Akwai maganaɗisu a ƙarƙashin gado, akwai ɗan ma'auni a bakin siririyar wayar da nake juyawa. Duk inda bakin wayar ya taɓa bangon zuciya, kwamfuta tana ajiye inda yake, da ƙarfin wutar wurin, da lokacin da wutar ta iso. Sai dai lokaci ba ya aunuwa sai da agogo. Agogonmu wata waya ce daban mai bakuna goma, wadda muke cusawa cikin jijiyar da ke kwance a bayan zuciya, mu bar ta ba motsi. Da ita ake gwada kowane ɗigo. Ɗigon da wuta ta riga isa ya fito ja, sai rawaya, kore, shuɗi, na ƙarshe shunayya.

Na yi nisa, na gama da rabin ɗakin, sai Hajiya ta yi tari mai ƙarfi har sau uku. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce maƙoshinta ne ya bushe. Na ci gaba. Da na hau bangon gefe, can sama kusa da tabon tsohuwar tiyatarta, sai ga ja ya fito zur, sauran launuka suna kewaye da shi kamar an zana da gangan. Zuciyata ta yi fari. Na ce wa malamina na samo tushen cutar, a miƙo wayar ƙonawa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Dakta, buɗe mini ɗigonka na farko da na ƙarshe. Kada ka kalli launi, kalli siginar agogo." Na buɗe. A na farko siginar tsini biyu gare ta, ƙaramin gaba, babban baya. A na ƙarshe tsini ɗaya ne mai faɗi. Muka haska hoto, sai ga wayar agogo ta zame baya kusan santimita biyu. Tarin nan ne ya ture ta. Ashe rabin taswirata da agogo ɗaya na auna shi, rabi da wani, kwamfuta kuma ta haɗa su ta shafa launi, don ita abin da aka ba ta take zanawa. Har yau idan na tuna wurin da na so ƙonawa sai jikina ya yi sanyi. Gurbin da ke kunna bugun zuciya na asali yana nan kusa, jijiyar da ke motsa tantanin numfashi na dama ita ma ta nan gefen take wucewa.

Muka gyara wayar, muka goge komai, na sake daga farko. Wannan karon launukan suka jeru suna kewaye ƙyauren da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na dama, ja ya zo ya haɗu da shunayya, kuma idan aka tara lokacin ya cinye kusan dukkan milisakan 240 ɗin. Duk da haka malamina bai yarda mu ƙona ba sai mun yi gwajin da ya samo asali daga aikin likitan zuciya Albert Waldo na 1977. Na ajiye waya a ɗan zirin naman da ke tsakanin ƙyauren da bakin babbar jijiyar da ke kawo jini daga ƙasan jiki, na tura wuta da saurin da ya ɗan ɗara na cutar, bugu ɗaya a kowane milisakan 220, sannan na tsaya cak. Idan wurin yana kan hanyar zagayen, bugun farko zai dawo cikin lokacin da bai wuce zagaye ɗaya da milisakan 30 ba. Ya dawo a 250. A wurina wannan lamba ɗaya ta fi dukkan launukan da ke kan allo nauyi, domin zuciyar ce da kanta ta ba da amsa.

Na fara ƙonawa daga bakin ƙyauren ina ja baya ɗigo-ɗigo. Hajiya ta ce, "Ɗan nan, zafi nake ji har kafaɗa." Na ce, "Sannu Hajiya, saura kaɗan, kada dai ki ja dogon numfashi." Zagayen ya koma 260, ya koma 285, sai allo ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan bugunta na asali ya fito, 74 a minti. Ma'aikaciyar jinya ta yi murmushi, amma tsayawar cutar ba ta nufin layin ya rufe. Muka tura wuta daga wannan gefe, muka tura daga wancan, muka tabbatar ba ta ƙetare layin ta kowace fuska, muka jira rabin awa muka sake gwadawa.

Tun daga ranar, kafin in ɗauki ɗigo ko ɗaya sai na ɗauki hoton siginar agogo na ajiye a gefen allo, kuma duk lokacin da majinyaci ya yi tari ko ya muskuta sai na tsaya na gwada su. Da safe na je zagayen ɗaki na tarar da Hajiya zaune tana lazimi. Da ta shafa, ta kamo yatsun hannuna biyu ta ɗora a kan jijiyar hannunta ta ce, "Ƙirga mini da kanka, in ji daga bakinka." Na ƙirga minti ɗaya cif, na ce mata saba'in da biyu.