Abin da aikin dare da gudun fanfalaki suka koya min

Tunda dai ƙarshen watan nan zan bar asibitin, bari in faɗi abin da ya daɗe yana cin raina. Duk wanda ya yi aikin nas a imajensi ya san mai riƙe da biron rosta, wato jadawalin aiki, shi ke riƙe da barcinka.

Gasar gudun fanfalaki ta Legas da na shiga kilomita 42 ce, tun 2016 ake yinta, galibi a watan Fabrairu, a lokacin da na yi ta ana tashi daga filin wasa na Surulere a hau gadar Third Mainland sai Eko Atlantic. Atisayenta kuwa a tsakiyar hunturu yake faɗo mana, ka fita bayan sallar asuba ƙura na cika maka maƙogwaro, ka dawo ka watsa ruwa ka je ka karɓi handoba, wato aiki daga hannun wanda zai tashi, kuma wallahi ban taɓa makara ba, duk wanda muka yi aiki tare shaida ne.

Tun Nuwamba na sanar da in-caj ɗinmu, shugabar sashenmu, ina so a haɗa min of ɗina, wato kwanakin hutuna, a satin gasar, ba alfarma na roƙa ba, kwanakina ne. Ta ce ba komai. Rosta na fitowa sai ga nait, wato aikin dare, an jera min har daren Alhamis, gudu kuma ranar Asabar. Na je na ce Hajiya ai mun yi magana, ko kai ba ta ɗago ba ta ce "Malam, marasa lafiya ba su san wani gudu ba." Abokin aikina ya yarda mu yi musaya, ta ƙi sa hannu, alhali masu zuwa biki kullum ana yi musu.

Haka na tafi ba barci, ga doguwar hanya a mota. Wajen kilomita 30 cinyoyina suka ɗaure, zuciya na bugawa kamar ganga, sauran da tafiya na ƙarasa, amma na ƙarasa.

Ku da kuka rage, duk alkawarin of a rubuce za ku karɓe shi. Kar ku yi dogon gudu da safen da kuka sauka daga nait, tsoka a cikin barci take gyaruwa, ku bari sai rana ta biyu ta hutu. Ku sha ruwa a bakin aiki, mu nas mun fi kowa mantawa. Ita kuwa Hajiya har yau ba ta tambaye ni ko na dawo lafiya ba.