Na tashi, Alhamdulillahi: godiya ga waɗanda suka yi jinyata bayan wata goma ina cin ɗanyen nama

Assalamu alaikum warahmatullah.

Jiya na haɗiye ƙwaya ta ƙarshe cikin maganin sati shida da aka ɗora ni a kai, yau da asuba kuma na taka da ƙafata har masallacin layinmu ban dafa kafaɗar kowa ba. Saƙonnin gaisuwa sun taru a wayata tun ina kwance, na kasa amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in haɗa godiyar wuri guda. Sannan tunda a bainar jama'a na yi ta tallar abin da ya kwantar da ni, bai kamata in warke a ɓoye ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya jarrabe ni da abin da hannuna ya jawo, kuma bai bar ni da wayona ba.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba: farkon bara aka auna ni aka ce sugana yana bakin iyaka, nauyina kilo 104. Ciwon suga ne ya ci ƙafar mahaifinmu kafin Allah ya karɓi abinsa, don haka tsoro ya kama ni sosai. Na shiga intanet neman mafita, na ci karo da tsarin abincin da ake kira paleo, wato a koma cin abin da ake zaton mutanen zamanin dutse na ci kafin a fara noma: nama, kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itatuwa, a bar hatsi da wake da sukari da madara. Wani farfesa a jihar Colorado ta Amurka, Loren Cordain, shi ya yayata shi tun wajen 2002. Mafi yawan masu bin wannan tsari dafa namansu suke yi. Ni kuwa da yake ba na yin abu rabi da rabi, sai na zarce wajen wasu 'yan tsauri masu nasu tsarin daban, mabiya wani Ba'amurke mai suna Aajonus Vonderplanitz wanda ya rasu a Tailan a 2013. A wajensa wuta ce ke lalata abinci, don haka nama ɗanye, ƙwai ɗanye, madara kamar yadda ta fito daga hantsar saniya. Har naman da aka rufe a kwalba ya ruɓe suna ci. Wannan dai ban kai gare shi ba, hancina ya cece ni.

Abincina ya koma ƙwai huɗu da zuma da safe, tsoka da hanta yankan sirara da lemon tsami da yaji da rana, da daddare kuma madarar da aka tatso a ranar, kusan lita guda. Ba zan yi ƙarya ba, watannin farko na ji daɗin jikina. Na sauko kilo 89, tumbi ya zube, suga ya daidaita. Daga nan baki ya buɗe. Na kafa zauren WhatsApp, mutum talatin da 'yan kai, kullum ina ɗora hoton farantina.

Mutum na farko da zan gode wa bayan Allah ita ce Hajiya, mahaifiyata. Ranar da ta fara ganina da farantin hanta ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗan nan, ni dai kura na sani da wannan cin." Na kawo mata hadisin da ya halatta mana matattu biyu da jini biyu, kifi da fara, hanta da saifa. Ta ce ita ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ba ta ji inda aka ce kada a ɗora tukunya ba. Dariya na yi mata a ranar. Da ciwo ya kwantar da ni, ita ce ta bar ɗakinta ta dawo gidana sati uku, da ciwon gwiwarta, ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba ko sau ɗaya. Hajiya, Allah ya ja kwana, ya sa Aljanna ce makoma. Haka Malam limamin masallacinmu, da na kai masa wannan hujja ya ce mini halaccin abu daban, yadda za ka ci shi bai cutar da kai ba daban, ya tuna mini cewa addini ya hana cuta da cutarwa. Malam, na ji yanzu, ko da yake jikina ne ya gaya mini.

Alama ta farko da ta zo na ɓoye wa kowa ita, yau zan faɗa don amfanin wasu. Tsila ce. A wata na shida na fara ganin gaɓoɓinta farare, kuma a rubuce-rubucen da nake bi ana cewa wai tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta ma'aikatan share jiki ne. Na yarda da wannan maganar, ni da ke da takardar digiri a akwati. Sai daga baya mahaucin da nake sayen nama wajensa ya nuna mini a wata zuciyar sa da aka ware: ƙananan ƙuraje farare a cikin tsoka, kamar ƙwayar shinkafa. Ya ce a zuciya da harshe da naman muƙamuƙi aka fi ganinsu, wuta na kashe su, lemon tsami kuwa ba abin da yake yi musu. Wannan bawan Allah wata goma kullum sai ya tambaye ni, "Alhaji, a miƙa wa mai tsire ya gasa maka?" kullum ina ce masa a'a. Na gode, Sarkin Fawa na layinmu, ko da ba a naɗa ka ba.

Sai zazzaɓi. Da la'asar yake sauka, da tsakar dare gumi ya jiƙa zanin gado sharkaf, da safe in tashi kamar ba ni ba in tafi kasuwa. Sau biyu aka yi mini maganin zazzaɓin cizon sauro, sau ɗaya na taifod, duk a banza. Ƙugu ya riƙe har ruku'u ya gagare ni, na koma sallah a zaune. Nauyin da nake alfahari da saukarsa ya ci gaba da sauka ba da izinina ba, har kilo 78. A zaurenmu kuwa ni da kaina nake rubuta cewa jiki ne ke fitar da dattinsa, a yi haƙuri.

A nan ne Allah ya kawo abokina tun na sakandare, likitan dabbobi, wanda muke tsokana da "likitan akuya". Dubiya kawai ya zo. Ya buɗe firij zai ɗauki ruwa, ya ga gorar madara, ya tambayi uwargida ko an tafasa. Da ya ji amsa ya dawo ya zauna a bakin gadona ya yi mini tambayar da babu wanda ya yi mini a wata biyu: "Garken da ake tatso maka, shanun suna ɓari?" Ban sani ba. Washegari ya hau mashin ɗinsa ya je rugar da kansa. Saniya biyu sun zubar da ciki a wannan shekarar, wata kuma gwiwarta ta kumbura. Makiyaya suna da sunan abin, bakkale suke ce masa. A asibiti sunansa burusela. Shi ya rubuta sunan gwajin a takarda ya ce in kai wa likita, aka ɗebi jini, sakamako ya fito kamar yadda ya zata.

A zaman jiran sakamakon ne ya ba ni tarihin cutar, don ya ga hankalina ya tashi. A tsibirin Malta ta addabi sojojin Ingila, har wani likitan soja, David Bruce, ya gano ƙwayar a 1887, daga sunansa aka samo nata. A 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya gano cewa a madarar awaki take, aka hana sojoji shan ta ɗanya, zazzaɓin ya kusan ɓacewa daga barikinsu. Ya dube ni ya ce, "Abin da aka gama bincikensa fiye da shekara ɗari, kai ka sake gwada shi a jikinka kyauta." Dokta, ka ci bashin wannan tsokanar har abada. Ban san da bakin da zan gode maka ba.

Ina so a ji wannan da kyau, domin na ga wasu sun fara zargin masu nono: baiwar Allahn da ke kawo mini madara ba ta da laifi ko kaɗan. Duk ranar da ta miƙo gora sai ta ce, "A tafasa, Alhaji." Ita kanta idan za ta yi kindirmo sai ta dafa madarar ta huce kafin ta zuba iri. Ni na ce a kawo mini yadda take, har ina ƙara mata kuɗi a kan haka. Da ta ji na kwanta, tun daga ruga ta zo dubiya da ƙwaryar fura. Allah ya albarkaci garkenku, Inna, ya raba shi da wannan ciwo.

Likitan da ta karɓe ni a asibiti da ma'aikatan jinya na ɗakin maza, Allah ya saka da alheri. Ta zauna ta saurari duk abin da nake ci ba ta yi mini dariya ba, ko da yake na ga ta ajiye biro sau biyu. Ta sa aka ɗauki hoton ƙirji, domin ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka na shanu, aka ɗauki na baya, Allah ya sa ciwon bai shiga ƙashin gadon baya ba, da maganin sai ya kai wata uku. Aka ba ni doxycycline na sati shida, da allurar gentamicin a satin farko, tsilar kuma praziquantel sha ɗaya ya gama da ita. Abin dariya, an gargaɗe ni kada in haɗa ƙwayar da madara, don tana hana ta shiga jiki yadda ya kamata. Da na yi mata ƙorafin cewa ai tsarin ya sauke mini suga, sai ta ce in lissafa abin da na daina. Shayi da cokali uku na sukari, burodi, lemon kwalba biyu a rana, malmalar tuwo uku da daddare. Ta ce, "To ka ga maganinka. Da ka gasa naman ma haka za ka gani." Wannan jimlar ta fi allurar zafi.

Uwargida. Na ajiye ki a nan ne don ban san ta inda zan fara ba. Na yi miki faɗa a gaban yara ranar da na kama ki kina tafasa musu rabonsu na madara a ɓoye, na ce kina kashe albarkar abinci. An gwada su ukun, an gwada ki, duk lafiya lau. Da kin bi maganata, da yanzu gado huɗu muke jinya, har da auta mai shekara uku. Ke kika riƙa canza zanin gado sau biyu a dare, ke kika riƙa kai ni bayi. A gaban jama'a na yi miki laifi, a gaban jama'a nake neman afuwa. Ki yafe mini, Maman yara.

Yaya babba da ya biya kuɗin gwaje-gwaje bai bari na sani ba sai da aka sallame ni, yaran shago da suka riƙe kasuwa wata biyu lissafi bai ɓace ko na naira ɗaya ba, maƙwabcina da motarsa ta zama tamu ko ƙarfe nawa ne, matan layi da suka yi ta aiko da kunu da farfesu, da jama'ar masallaci da suka sa ni a addu'a: Allah ya biya ku da abin da ya fi wannan.

Saura 'yan zaurenmu. Na rufe shi, kuma na kira kowa a waya. Duk wanda ya sha ɗanyar madara saboda ni, in yana zazzaɓin dare, ko ciwon gaɓoɓi, ko kumburin maraina, ya je asibiti ya faɗi abin da ya sha da bakinsa, ya nemi gwajin burusela, kada ya tsaya a taifod. Mai juna biyu kada ta kusanci ɗanyen nama ko ɗanyar madara, yawan hanta ma ko dafaffiya ce ba a so gare ta. Wani a cikinku ya ce mini ai a Sudan ana cin marara, wato kayan ciki, ɗanya ranar Sallah, a Habasha ana cin kitfo, wato niƙaƙƙen ɗanyen naman sa. Gaskiya ne, ni ma da wannan nake kafa hujja. Sai dai Habashawan nan sun daɗe da sanin kuɗin da suke biya, har suna da furen bishiyar koso da suke sha don fitar da tsila. Shi kuma wancan ƙaton na Amurka da ake kira Liver King, wanda muka yi ta yaɗa bidiyonsa yana gatsar ɗanyar hanta, a ƙarshen 2022 ya fito ya amsa cewa allurar ƙara ƙwanji yake yi. Labarin yana nan tun kafin in fara, ban nema ba ne don ba na son in gani. Wanda ya kashe kuɗi ko ya sha wahala ta dalilina, ya yafe mini, kuma kuɗin gwajinsa yana wuyana.

Yanzu ina cin nama da kifi dafaffu, ƙwai soyayye, zogale, wake, da ɗan faten acha. Sukari da lemon kwalba dai ban koma musu ba. Likita ta ce ciwon yakan dawo wa wasu a watannin farko bayan gama magani, don haka zan koma a sake duba ni, ina roƙon a ci gaba da addu'a. Ranar Juma'a bayan an sauko za a yi 'yar sadaka a ƙofar gida, Hajiya ce da kanta za ta tsaya a kan tukunya, ta ce ba ta yarda da ni kusa da naman ba.

Akwai kuma kulolin abinci biyu da aka kawo asibiti muka rasa masu su, ɗaya shuɗiya mai hawa uku, ɗaya ruwan toka da murfinta ya ɗan tsage. An wanke su suna nan wajen uwargida, mai su ya turo yaro.