Fikof mai ƙarfi a jita ɗaya: inda aikinmu ya kai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon jita da gyaranta a Nima, Maamobi, Madina da sauran zangunan Accra. Ga bayanin inda aka tsaya a kan jitar gwaji, wato mai siffar Stratocaster ɗin nan (Strat a taƙaice) mai fikof uku, masu ɗaukar muryar tsirkiya: biyu masu kwayil ɗaya (naɗin waya ɗaya) a wuya da tsakiya, sai hambaka mai ƙarfi, wato fikof mai kwayil biyu, a wajen birij, inda tsirkiyoyi ke kamawa a jikin jita.

Tambayar da muka sa a gaba ita ce ta mai jita ɗaya tilo. Yau yana gidan awure ana son highlife mai tsafta, gobe rege, jibi wani ya ɗauke shi haya a wajen da ake son solo mai distoshan, wato fasasshiyar murya. Shin hambaka mai ƙarfi za ta iya ɗaukar duk wannan? Abin da muka gani zuwa yanzu shi ne za ta iya, amma ba a yadda ta fito daga kwali ba. Koko mai kauri ana sirka shi da ruwa ya koma yadda ake so, tsararo kuwa ba ya komawa kauri. Haka fikof mai ƙarfi yake: duk aikin a ragewa yake, kuma ragewar tana da hanyoyi da ma'auni.

Da farko a san me ake nufi da ƙarfi. Fikof maganaɗisu ne da siririyar wayar tagulla da aka naɗe sau dubbai. Hambakar da Seth Lover ya ƙirƙira wa Gibson, wadda ta hau Les Paul a 1957, tana da naɗi kusan 5,000 a kowane kwayil, mita kuma, wato na'urar awon lantarki, tana nuna tsakanin 7k da 9k (om 7,000 zuwa 9,000). A 1972 DiMarzio ya fito da Super Distortion mai maganaɗisun siramik, tana nuna kusan 13.7k, domin a lokacin amfilifaya ba ta fashewa cikin sauƙi sai an tura ta da ƙarfi. JB ta Seymour Duncan tana wajen 16k da maganaɗisun alniko 5. Tamu ta gwaji a wannan sahun take.

Amma kada mita ta ruɗe ku. Lambar da take nunawa tsawon waya ce da sirantarta, ba ƙarfin murya ba. Waya mai lamba 44 ta fi mai lamba 42 siranta, don haka za ta nuna lamba babba ko da naɗin bai fi yawa ba. Sannan zafin garinmu yana ƙara lambar: tagulla tana ƙara kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri ɗaya, saboda haka fikof ɗin da aka rubuta 16.4k a ɗaki mai digiri 20 zai iya nuna 17k a shago da rana. Idan kuma kun auna ta ramin jak ba tare da kwance jita ba, bolum a buɗe duka, fot mai 500k, wato abin murɗa bolum, zai ɗan rage lambar, 16.4k ta koma wajen 15.9k. Duk waɗannan ba alamar jabu ba ne. Abin da ya kamata ya sa mutum shakka a Zongo Lane, layin masu sayar da kayan lantarki, shi ne fikof ɗin da kamfaninsa ya ce waya huɗu gare shi amma waya biyu kacal a gindinsa, ko kwayil biyu da lambarsu ta yi nisa da abin da kamfanin ya rubuta.

Abin da yawan naɗi yake cinyewa shi ne kaifin murya, kuma a nan ne ya dace a tsaya a fahimta, don duk sauran gyaran daga nan ya taso. Kwayil da kebur idan suka haɗu suna da wani wuri da murya ke yin tozo, bayansa kuma sai ta faɗi. Fikof mai kwayil ɗaya yana da henri kusan 2.5 (ma'aunin kwayil ne da ke ƙaruwa da yawan naɗi), da kebur mai mita 6 tozonsa yana wajen 4,000 Hz, wurin da kunne ke jin walƙiyar highlife. Hambaka mai ƙarfi tana kai henri 8, sai tozon ya sauko wajen 2,300 Hz, inda murya ke yin hanci da kauri. Wannan ne ya sa take ratsa ganguna da kibod a lokacin solo, shi ne kuma ya sa take toshewa idan ana son tsinkar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Kebur na yau da kullum yana ɗauke da kusan 100 pF (ma'aunin kafasita) a kowace mita, yawansu kuma yana sauko da tozon, don haka sauya mai mita 6 da mai mita 3 kaɗai yana ɗaga tozon har kunne ya ji. Wannan gyara ne da ba ya buƙatar dalma, kuma da shi muka fara.

Na biyu shi ne tsayin fikof. A danne tsirkiya a firet na ƙarshe, wato ƙarfen ƙarshe da ya gitta wuyan jita, a auna daga kan ƙarfen fikof zuwa ƙasan tsirkiya. Ma'aunin farawa da aka saba shi ne milimita 2.4 a gefen tsirkiya mai kauri, 1.6 a gefen siririya. Ga fikof mai ƙarfi wannan ya yi kusa. Mun sauke tamu zuwa 3.5 da 3, ana juya sukuru rabin zagaye ana saurare. Da ta sauka, bes ya daina cunkushewa, murya ta daidaita da ta fikof ɗin tsakiya, ba a ƙara jin tsalle idan an sauya makunnin zaɓar fikof. Idan aka wuce milimita 4 kuwa sai ta fara rasa jiki. Duk wanda ya sauke kada ya manta ya bar gefen siririyar tsirkiya sama kaɗan, don ita ce mai ƙarancin ƙarfe.

Yanzu ga babban aikin wannan zango, wato wayoyi huɗu. Kowane kwayil yana da farko da ƙarshe, shi ya sa wayoyin suke huɗu, ban da tsirarar waya ta ƙasa, wato wadda ake likawa a bayan fot. A tsarin Seymour Duncan baƙa ce mai ɗaukar murya, ja da fara ana haɗe su, koriya da tsirara suna zuwa bayan fot. A tsarin DiMarzio ja ce mai murya, baƙa da fara ake haɗewa. Launukan ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, kuma na kwaikwayo ba su bin ƙa'idar kowa, don haka a sa mita a gano wace waya ce ke tare da wace kafin a kunna ƙarfen dalma.

Hanyar da kowa ya fi sani ita ce kashe kwayil ɗaya: bisa launin Duncan, a kai mahaɗar ja da fara zuwa ƙasa ta makunni, 16k ta koma 8k. A nan fikof mai ƙarfi ya fi na da, domin rabin 8k shi ne 4k, murya siririya marar jiki, amma rabin 16k yana tsayawa da ƙafarsa kusa da fikof ɗin Strat na asali. Matsalar ita ce da zarar kwayil ɗaya ya mutu, gurnanin wuta na 50 Hz yana dawowa. A ɗakin da wayar ƙasa ba ta da kyau, ko a rumfar da ake aiki da janareto da fitilu masu walƙiya, gurnanin yakan fi waƙar tashi. Akwai dabarar sa rezista mai 2.2k tsakanin mahaɗar da ƙasa, don kwayil na biyu ya ci gaba da ɗan numfashi. Tana ƙara jiki, tana rage gurnani kaɗan, amma ba ta kashe shi.

Shi ya sa a ganinmu haɗin kafaɗa da kafaɗa, wanda masu gyara ke kira faralel, ya fi dacewa da wuraren da muke wasa. Kwayil biyun suna aiki, gurnani yana mace, mita tana nuna kashi ɗaya cikin huɗu, wato 4k, henri ma ya sauka wajen 2, tozon ya koma sama inda highlife ke so. Ga yadda ake haɗa shi da fot mai ja da turawa, wanda ke da ƙafa shida a makunninsa, bisa launin Duncan. Baƙa ta tafi wajen murya kai tsaye, koriya da tsirara su tafi ƙasa, waɗannan ba sa canzawa. A raba ja da fara, a sa kowacce a ƙafar tsakiya ta gefenta. Ƙafafu biyu na ƙarshe ɗaya a haɗe su da guntuwar waya, wannan shi ne jeri, wato kwayil ɗaya na bin ɗaya, haɗin asali mai cikakken ƙarfi. A ɗaya ƙarshen, ƙafar da ke gefen fara ta tafi ƙasa, wadda ke gefen ja ta haɗu da baƙa. Kafin a lika komai a auna da mita a ga wane ƙarshe ne ke aiki idan an tura, don a sa jeri a can. Idan bayan an gama murya ta fito siririya ƙwarai kamar daga rediyon aljihu, kuma gurnani na nan, to an juya ja da koriya ne, kwayil biyun suna cin juna.

Wajen dalma, ƙarfe mai wat 40 ya isa, da dalma 60/40 mai ƙaro a ciki. A kankare bayan fot ya yi haske kafin a lika. Daɗewa da ƙarfe a bayan fot yana ƙona cikinsa, daga baya sai ya riƙa ƙarƙara.

Batun fot kansa: hambaka tana son 500k, masu kwayil ɗaya suna son 250k. A jita irin tamu mun sa 500k a bolum, muka ɗaura rezista mai 470k daga ƙafar kowane fikof mai kwayil ɗaya a makunni zuwa ƙasa, su sai su ga kusan 240k. Kafasita ta ton 0.022 µF. Sai kuma ƙaramin haɗi mai hana kaifi gudu idan an rage bolum: kafasita 0.001 µF da rezista 150k a murɗe ƙafafunsu tare, a lika tsakanin ƙafar shiga da ta tsakiya a fot ɗin bolum. Ba tare da shi ba, da an sauko daga 10 zuwa 7 murya ta dushe, alhali a 6 da 7 ne fikof mai ƙarfi yake yin mafi yawan aikinsa na tsafta.

Ga abin da kunne ya ji salo bayan salo. A highlife, faralel da bolum a 7, ana kaɗawa kusa da ƙarshen wuya ba kusa da birij ba, tsirkiya biyu-biyun nan suna fitowa a rarrabe. Rege ya fi sauƙi, saran yana son gajarta da kaifi, faralel ko haɗinsa da fikof na tsakiya duk sun yi. Seben irin na Kongo yana son ɗan dile, wato amsa-kuwwa, da murya mai haske, a nan kashe kwayil ɗaya ya ɗan fi faralel daɗi idan wurin ba gurnani. Salon Agadas da ake kaɗawa da yatsu yana zama da kyau a jeri, bolum a 6, amfilifaya tana bakin fashewa, yadda taɓawa mai laushi za ta fito da tsafta, mai ƙarfi kuma ta yi ƙura. A rok da solo mai ja, jeri ne da bolum a 10, amma a rage gen ɗin amfilifaya, wato maɓallin ƙara fashewar murya, ƙasa da yadda aka saba, bes ma a sauke shi wajen 4, in ba haka ba ƙananan tsirkiyoyi sai su zama taɓo.

Gaskiya ɗaya da ba za a ɓoye ba: ko an kashe kwayil ɗaya, ba za ta zama Strat sak ba. A fikof ɗin Strat sandunan nan shida su ne maganaɗisun, a hambaka kuwa ƙarfe ne kawai, maganaɗisun yana kwance a ƙasa. Kamar za ta kai, amma wanda rayuwarsa duka highlife ce ya zauna a fikof na wuya da na tsakiya.

Sau da yawa laifin da ake ɗora wa fikof na abin da ke gabansa ne. Idan murya tana tsagewa ko an rage gen, ƙofar shiga ta na'urar ifet, mai sauya launin murya, ce ta cika, a rage ta daga can. Amfilifaya mai rami biyu, na biyun yakan rage ƙarfi da desibel 6, kuma ya dace da irin wannan fikof. Mafi muni shi ne soka jita kai tsaye a miksa, abin da ake yawan yi a wajen suna da awure. Fikof yana son ya ga kusan 1M a gabansa, ramin layi na miksa kuwa wajen 10k yake, fikof mai 16k zai fito a shaƙe ba kaifi ko kaɗan. A sa akwatin DI mai aiki da wuta a tsakani, ko wata fedal mai bofa.

Masu tambaya a kan EMG 81 da ire-irenta masu batir: wani gida ne daban. Suna aiki da batir mai bolt 9 da fot 25k, ba sa jin tsawon kebur, ba sa gurnani, amma wannan wasa na jeri da faralel ba ya yiwuwa a kansu. A tuna a zare kebur bayan wasa, in ba haka ba batir yana ci gaba da ci.

Idan fikof yana kuwwa mai tsini da an ƙara gen, ko yana ɗaukar magana kamar makirufo, naɗin ne ya saki. Maganinsa wanka da kaki: kakin kyandir kashi 80, na zuma kashi 20, a narka a gwangwani a cikin tukunyar ruwan zafi, kada gwangwanin ya hau wuta kai tsaye. Zafi ya tsaya wajen digiri 65, sama da haka robar kwayil tana lanƙwashewa. A tsoma har kumfa ta daina tashi, minti 10 zuwa 20. Iskar teku da gumi kuma suna sa sukurorin kai tsatsa da wuri a garin nan. A goge da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa, kada a kusanto da soson ƙarfe, domin maganaɗisu zai ja ɓurɓushinsa cikin kwayil. Kuma duk wanda ya ji wuta ta ɗan cije shi a leɓe lokacin da hannunsa ke kan tsirkiya bakinsa na kusa da makirufo, ya ajiye jita nan take a duba wayar ƙasa ta amfilifaya da ta soket. Wutarmu bolt 230 ce.

Abin da ya rage a zango na gaba shi ne matsayi na biyu a makunni, inda hambaka ke haɗuwa da fikof na tsakiya. Yanzu haka a faralel yana da daɗi, amma a jeri hambaka tana danne ɗan uwanta. Za mu gwada makunni mai layi huɗu wanda zai kashe kwayil ɗaya da kansa a wannan matsayi kaɗai, mu zaɓi kwayil ɗin da maganaɗisunsa ya saɓa wa na tsakiya don gurnani ya mutu. Mai zuwa ya taho da mita, ƙaramin kamfas na gane fuskar maganaɗisu, da rula mai milimita.